Rauni a wurin aiki: diyyar ƙarfin neman abinci da hanyar biɗar ta



Akwai tambayar da take yawan dawowa duk ranar da muka buɗe layin tarho kan maganar aiki da lafiya. Mutum ya ji rauni yana cikin aikin wani. An kai shi asibiti, uban gidansa ya biya magani, ya kawo ɗan abin cefane, an ce Allah ya kiyaye gaba. Bayan wata shida ciwo ya warke, amma hannu bai koma yadda yake ba. Ba ya ɗaukar buhun albasa, ba ya riƙe hauya, ba ya hawa tsani. Sai a tambaye mu: shi ke nan magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Kuɗin magani ɗan ƙaramin yanki ne na asarar. Babbar asarar ita ce ƙarfin neman abinci da mutum ya rasa na sauran shekarunsa, kuma dokar Nijar da fiƙihun da malamanmu ke karantarwa duk sun san da ita. Mun tattara bayanin a nan don a riƙa dawowa ana dubawa, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Asara iri uku

In mutum ya ji rauni, asara uku ce ke hawa kansa. Ta farko kuɗin jinya: magani, hoton ƙashi, tiyata, kuɗin mota zuwa Tawa, Galmi, Maraɗi ko Yamai. Ta biyu abin da zai samu a kwanakin da yake kwance bai samu ba. Ta uku abin da ba zai ƙara iya samu ba bayan ya tashi, don jikin ya rage.

Biyun farko ana ganin su da ido, shi ya sa ake biyan su. Ta ukun ba ta fitowa sai an zauna an yi lissafi. A ɗauki wani mai shekara 30 da ke noman damina, yana kuma aikin garka a fadamar Tarka da rani, abin da yake haɗawa a shekara ya kai jika 600. Bel ɗin injin ban ruwa ya cinye masa yatsu, yanzu rabin aikin da yake yi da ne kawai yake iyawa. Jika 300 ke nan ta tafi kowace shekara. In Allah ya ba shi shekara 25 na aiki nan gaba, asarar ta kai miliyan 7 da jika 500. To in an ba shi jika 150 an ce a yafe juna, asarar wata shida aka biya shi. Alƙali ba haka tsaf yake lissafi ba, yana da ma'auninsa, amma misalin ya isa ya nuna girman abin da ake bari a ƙasa.

Kuma rauni guda ba asara guda ba ce ga kowa. Ɗan yatsa biyu ga tela ko makanike sana'a ce sukutum. Gwiwa ga ɗan dako ko mai kabu-kabu ita ce jarinsa. Shi ya sa ake duba shekarun mutum, sana'arsa, da abin da yake samu kafin hatsarin.

Ƙaddara da sakaci

Mu duka mun yarda babu abin da ke samun bawa sai da nufin Allah. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta ɗauke alhaki daga kan wanda ya yi sakaci. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta raba abin gida biyu. In rijiya ko ramin ma'adini ya rufta da mutum ba da aikin kowa ba, ba a bin kowa diyya. Amma mai hawa dabba, ko mai jan ta, ko mai kora ta, shi ke da alhakin abin da ta taka. Ma'aunin dai shi ne ko akwai hannun wani a ciki.

Sakaci a wurin aiki shi ne mutum ya san haɗari, ko ya kamata ya sani, bai kawar da shi ba. Misalansa a yankinmu ba su ɓuya ba: tsohuwar igiya da aka ba mai gina rijiya, katakon hawa da ya ruɓe a shantiye, injin niƙa ko na markaɗe da aka cire murfin bel ɗinsa, wayar lantarki tsirara kusa da ruwa, feshin maganin ƙwari ba abin rufe hanci da hannu, mota mai lalataccen birki da aka ɗora wa lodin da ya fi ƙarfinta, yaro sabon shiga da aka sa a kan inji ba a koya masa ba.

Kundin dokar ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar duk matakin da ya dace don kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Ayar doka ta 136 ce ta faɗi haka. Wajibi ne kuma ya koya wa sabon ma'aikaci yadda zai kare kansa. Wanda bai yi ba ya saɓa wa doka tun kafin hatsari ya auku.

Hanya ta farko: asusun CNSS

Asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda mutane ke kira kes, an kafa shi a 1965. Dokar da ke tafiyar da diyyar hatsarin aiki da cututtukan sana'a ita ce mai lamba 65-117 ta ranar 18 ga Agusta 1965. Kuɗin wannan reshe uban gida kaɗai ke zuba shi, kashi 1,75 cikin 100 na albashi. Ba a cire wa ma'aikaci ko dala a kansa.

Ya shafi duk mai aiki ƙarƙashin wani a kan lada: ma'aikatan kamfanoni irin na siminti a Malbaza, leburorin kamfanonin gina hanya da gine-gine, direbobi, masu gadi, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, har da yaran da ke koyon sana'a. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da nasu tsarin dabam. Hatsarin da ya samu mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida shi ma hatsarin aiki ne, muddin bai karkata zuwa wata sabgar kansa ba.

Amfanin wannan hanya shi ne ba sai ka nuna laifin kowa ba. Ya isa a ce raunin a kan aiki ya same ka. Ga yadda abin ke tafiya:

1. A sanar da uban gida nan take, gaban shaidu.
2. Uban gida ya kai rahoto ga CNSS da sufeton ƙwadago cikin awa 48.
3. In ya ƙi ko ya yi ta jan ƙafa, mai raunin ko iyalinsa suna iya kai rahoton da kansu, kuma doka ta ba su har shekara 2.
4. Likita ya rubuta takardar farko da ke bayyana raunin da kwanakin hutun da ya ba da.
5. In jinya ta ƙare ya rubuta ta ƙarshe, ko an warke sarai, ko ciwon ya tsaya inda ba zai ƙara gyaruwa ba. A takardar za ku ga an rubuta consolidation da Faransanci.
6. Daga nan ne ake ƙayyade kashi nawa cikin 100 na ƙarfin aiki ya tafi. Wannan adadi shi ne ginshiƙin komai.

Kes na ɗaukar kuɗin jinya, kuɗin kai marar lafiya asibiti, da na ƙafa ko hannun roba in an bukata. Kwangilar aiki kuma ba ta mutu ba a kwanakin jinya, an dakatar da ita ne kawai.

Yadda ake lissafi

Mu ɗauki magini mai albashin jika 60 a wata, wato sefa 2.000 a yini, jika 720 a shekara.

Ranar da hatsarin ya auku uban gida ke biyan ta cikakkiya. Daga washegari kes na biyan rabin ladan yini har kwana 28, wato sefa 1.000 a yini. Daga kwana na 29 sai ya koma kashi biyu cikin uku, kusan sefa 1.333, har ranar da aka warke ko ciwon ya tsaya.

In an bar mutum da naƙasa ta dindindin, ana ba shi kuɗin da ake kira rant, kamar fansho ne na rauni. Ƙa'idar ita ce: abin da bai wuce kashi 50 ba a raba shi biyu, abin da ya haura 50 a ƙara masa rabinsa.

In likita ya ce maginin ya rasa kashi 30, rabin 30 shi ne 15. Kashi 15 cikin 100 na jika 720 ya kama jika 108 a shekara.

In ya rasa kashi 70, 50 na farko ya zama 25, sauran 20 ya zama 30, a haɗa 55. Kashi 55 na jika 720 ya kama jika 396 a shekara, daidai da jika 33 a wata.

In ya rasa kashi 100, albashinsa na shekara ake biyan sa. In ya kai ga sai da mai kula da shi wajen ci da wanka da tashi, ana ƙara kashi 40 a kai. In kuwa naƙasar ba ta kai kashi 10 ba, dunƙule guda ake ba shi a wuce wurin.

In rai ya yi halinsa, matar mamaci na da kashi 30 na albashin, in sun fi ɗaya su raba. Ɗiya biyu na farko kowane kashi 15, sauran kowane kashi 10. Iyayen da yake ciyarwa kowane kashi 10. Jimillar duka ba ta wuce kashi 85.

Abu biyu ku riƙe a nan. Na ɗaya, lissafin a kan albashin da aka rubuta wa kes yake. In kana amsar jika 80 amma an rubuta ka a kan 42, wato albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar tun farkon 2024, to ranar rauni za ka gane an cuce ka. Ku riƙa duba takardar albashi tun kuna lafiya. Na biyu, adadin da likita ya yanke ba hukuncin ƙarshe ba ne. Wanda bai yarda ba yana iya neman a sake auna shi, kuma in ciwon ya ƙaru daga baya ana iya sake duba kuɗin.

In sakacin uban gida ne

Kun ga dai rant ba ya maida asarar duka. Wanda ya rasa kashi 30 kashi 15 ake ba shi. Tsarin ya samo asali daga dokar Faransa ta 1898, aka shimfiɗa irinsa a ƙasashen da take mulka a 1957: ma'aikaci ya samu diyya ba tare da wahalar nuna laifi ba, shi kuma uban gida a rage masa nauyi.

Amma doka ta bar ƙofa. In hatsarin ya faru ne saboda mummunan sakaci marar uzuri na uban gida ko na wanda ya wakilta a kan aikin, ana ƙara wa mai raunin kuɗi, kuma nauyin ƙarin a kan uban gidan yake komawa. Sunan abin a takarda faute inexcusable. In da gangan aka yi, mai raunin na iya bin sauran asararsa a kotu. Haka in wani can dabam ne ya jawo hatsarin, kamar direban wata mota ko wani kamfani da ke aiki a wuri guda, ana iya bin sa abin da kes bai biya ba.

Wuƙar tana da baki biyu. In ma'aikacin ne ya yi mummunan sakacin ana iya rage masa, in kuma da gangan ya ji wa kansa, ba shi da komai.

Nuna sakaci hujja yake so. Su wa suka gani? An taɓa gaya wa uban gida igiyar ta tsufa? Wani ya taɓa jin rauni a kan injin nan? Ku ɗauki hoton wurin da salula kafin a gyara, ku aje saƙon murya na WhatsApp in akwai. Sufeton ƙwadago da ke Tawa yana da ikon bincike da na sasantawa. In sulhu ya ƙi, sai kotun ma'aikata, kuma shigar da ƙara a can kyauta ne.

Wanda ba a rubuta shi a kes ba

Nan ne mafi yawanmu muke. Mai cirar albasa a Majiya, ɗan dako a kasuwar Madawa, karen mota, mai fasa dutse a tudun Buza, mai tonon farar ƙasar da ake kai wa masu siminti, yarinyar da ke tsaye kan injin markaɗe, ba mai takardar kwangila a cikinsu.

Ku sani, rashin takarda bai hana mutum zama ma'aikaci a idon doka ba. In wani ne ke ba ka umurni, shi ke sa maka lokaci, shi ke biyan ka lada, to kwangilar baki ma kwangila ce, kuma ana tabbatar da ita da shaidu. Rashin rubuta ka a kes laifin uban gida ne. Ka kai maganar wurin sufeton ƙwadago kamar kowa.

Wanda kuma ba ya ƙarƙashin kowa, kamar magini mai zaman kansa da aka kira aikin yini biyu, yana da hanyar dokar farar hula. Ayoyi na 1382 da 1383 sun wajabta wa duk wanda ya jawo wa wani cuta, ko da ta sakaci ce ko ganganci, ya gyara. Aya ta 1384 ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar yaransa na aiki da ta kayan da ke hannunsa. A nan kai ne za ka nuna abu uku: laifin, raunin, da cewa laifin ne ya haifi raunin. In ka nuna, asarar duka ake nema, har da ta shekarun gaba. Jin wa mutum rauni ta hanyar sakaci laifi ne kuma a kundin hukunta laifuka, don haka ana iya kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda, mai raunin ya nemi diyyarsa a cikin shari'ar. Akwai kotu a Madawa, Buza da Keita. In kuɗin da ake nema ya yi yawa sai babbar kotu.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali da shawara da lauya kyauta. Ofisoshinta na cikin manyan kotuna.

Mutanen Keita sun san aikin gyaran ƙasa tun zuwan babban shirin raya karkara na 1984, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, aka yi shi da FAO, PAM na ba da abinci. Mata ne suka fi ɗaukar dutsen. Har yau ana irin wannan aiki a kan abinci ko kuɗin yini. Tun ranar rubuta suna ya kamata shugabannin gari su tambayi masu shirin wa ke ɗaukar wanda ya ji rauni, a kuma rubuta amsar.

Haka masu zuwa haƙar zinariya, tun buɗewar Jado a 2014. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman cikin Ɗan Isa, jahar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, wasu suka ji rauni. A irin waɗannan wurare mai rami ne ke ba da abinci da kayan aiki, a raba abin da aka samu. Kafin ka shiga rami, ku yi magana gaban shaidu kan abin da zai biyo baya in wani abu ya faru.

In hatsarin mota ne

Babbar hanyar da ta ratsa Madawa, Galmi da Ƙonni ba ta hutawa, balle lokacin albasa. In motar wani ta buge ka, inshorar motar ce ke biya, bisa dokar CIMA da ƙasashen yankin sefa suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Wannan doka tana da nata jadawali. Tana biyan jinya, kwanakin kwanciya, da raguwar jiki. Amma diyyar asarar abin shiga ta dindindin sai naƙasa ta kai kashi 50, kuma an sa mata iyaka. Wanda ba shi da takardar da ke nuna abin da yake samu, a kan albashi mafi ƙanƙanta ake lissafa masa. Shi direban motar, inshorar dole ba ta rufe raunin kansa ba. Takardar binciken jandarmomi ko ƴan sanda ita ce mabuɗi. Kada a janye motoci a ce a gama a bakin hanya in akwai mai rauni.

Sulhu wurin sarki da malamai

Yawancin maganganun nan a zauren mai gari ko fadar sarki suke ƙarewa, kuma ba laifi ba ne. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane, a rubuta abin da aka cimma. Sau da yawa uban gidan ɗan uwa ne ko maƙwabci, shi ma ba wani mai ƙarfi ba, kuma gobe za a haɗu a masallaci. Abin da ake so shi ne a yi sulhun da ido buɗe.

Malamai na da ma'aunin da zai taimaka. A mazhabar Malikiyya cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1.000 na zinariya, ko dirhami 12.000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin diyya, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Hannun da ya shanye, ko yana nan a jiki, diyyarsa kamar an yanke shi ne, don amfaninsa ake dubawa. Mai ido ɗaya in aka lalata masa wanda ya rage, cikakkiyar diyya ce, don ganinsa duka ya tafi. In kuskure ne kuma diyyar ta kai kashi ɗaya cikin uku, dangin mai laifin ke haɗuwa su biya a hankali. Kuma ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Kun ga nan fiƙihu da likitan kes sun haɗu a kan magana guda.

Kotunan Nijar ba da wannan jadawali suke hukunci ba, amma ya nuna addini bai ɗauki gaɓar mutum da arha ba. Yafiya alheri ce mai lada, sai dai haƙƙin mai raunin ne shi kaɗai. Ba a yafewa a madadinsa, ba a kuma matsa masa yana kan gadon asibiti.

In za a yi sulhu, a jira takardar likita ta ƙarshe. A rubuta jinya dabam, kwanakin kwanciya dabam, asarar gaba dabam. In mai biya ba shi da dunƙule, a tsara wata-wata, ko buhu kaza kowace kaka, ko a ba mai raunin aikin da jikinsa zai iya, ko jarin sana'ar zaune. A rubuta cewa in ciwon ya tashi za a sake zama. Kowa ya riƙe kofinsa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da wanda ka yarda da shi bai karanta maka ba.

Ƴan biɗa da ke waje

Dokar ƙasar da hatsarin ya auku ita ke aiki. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce, asusun NSITF ke riƙe da ita, uban gida na zuba kashi 1 cikin 100 na albashi. Ma'aikaci ya sanar da uban gida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A Kodibuwa asusun CNPS ne, tsarinsa kusan irin namu. A Aljeriya CNAS ne. A Faransa ma'aikaci na sanar da uban gida cikin awa 24, uban gida ya kai rahoto cikin awa 48, kuma ko wanda ba shi da takardar zama yana da haƙƙin diyyar hatsarin aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar dawowa gida. Uwa ta kira tana kuka, an ce taho a kai ka wurin maɗori, uban gida ya ba da kuɗin mota da ɗan guzuri, shi ke nan an rabu. Da ka tsallako iyaka ba takarda, da wuya ka ƙara samun komai. Kafin ka taso ka amshi takardar asibiti da hoton ƙashi, cikakken sunan uban gida da inda yake, lambobin shaidu. Ka sanar da shugaban ƴan Nijar na garin da ofishin jakadanci in akwai, ka bar wakili. Ku kuma iyaye da ke gida, ku yi haƙurin sati biyu ko uku, ya fi ɗanku ya dawo hannu wofi da jiki rabi.

Abin da za a aje

A samu jaka guda a zuba: takardar likita ta farko da ta ƙarshe, hotunan ƙashi, rasit na magani da na mota, takardar albashi ko littafin da ake rubuta ladan yini, lambar kes in akwai, katin ɗan ƙasa, takardar aure da na haihuwar ɗiya, takardar jandarmomi, sunayen shaidu. Mai sana'ar kansa ya aje duk abin da ke nuna samunsa, ko littafin dillalin albasa ne ko rasit na aiken kuɗi.

Maɗoranmu sun iya aikinsu, ba mai musu. Amma kes da kotu da kamfanin inshora takardar likita kawai suka sani. A fara biyawa asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita, ko babban asibitin Tawa, a rubuta raunin tun ranar farko.

Ku kuma masu ba da aiki, kashi 1,75 na albashin jika 60 sefa 1.050 ne a wata. Sabuwar igiya, murfin bel da safar hannu ba su kai kuɗin tiyata guda ba. Wanda ke da tambaya kan nasa al'amari ya je ofishin CNSS ko na sufeton ƙwadago a Tawa da jakar takardunsa, ko ya aiko mana mu miƙa ta ga masana a shiri na gaba.

Allah ya tsare mu a wuraren neman abincinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Mu kwana lafiya.